Bapa Saripada da Manajansa

Ranar da masu share bakin titi suka kwashe rumfar Bapa Saripada, ba tukunyar shinkafarsa ce ta fi ba shi takaici ba, wayar 'yarsa ce. Kafin motarsu ta sha kwanar masallaci, 'yar tasa Potre ta riga ta samu labari daga can gida Lanao, ta kira shi tana murna kamar an yi mata haihuwa. Ta ce dama ai ya isa haka nan, mutum ya doshi sittin yana naɗa shinkafa a ganyen ayaba a titin Manila. Ita da mijinta sun gyara masa ɗaki mai kallon tafki, ya zo ya ci ya sha ya kwanta. In kuma watan azumi ya kama bai samu abin yi ba, da ƙafarta za ta zo ta sa su a jirgin ruwa, shi da matarsa Babu Rasmia. A yarenmu Bapa kawu ne, Babu kuma gwaggo.

Wanda bai san mu ba zai ce ina abin baƙin ciki a nan. To, mu Maranao ne, Musulmin kudancin ƙasar Filifin. A ce namiji yana zaune gidan surukinsa yana jiran a zubo masa abinci, ai gara a ce ya rasu, ko ba komai a yi masa addu'a. Bayan haka kuma akwai Ofis. In Bapa ya hau jirgin nan, ba mai biyan hayar ɗan ɗakin da ke saman tsohuwar rumfarsa, mu kuwa duk wanda ka gani a unguwarmu ta Quiapo yana fita da safe cikin kayan aiki, ta wannan ɗakin ya bi.

Abin dariyar shi ne, Bapa bai taɓa yi wa kowa aiki ba a rayuwarsa. Yana saurayi ya sauka Manila da buhu ɗaya. Ya sayar da agogo, ya sayar da silifa, ya sayar da faifan finafinai har suka daina tafiya, sannan ya zauna kan pater, shinkafar nan tamu da ake naɗewa da dakakken naman kaza da yajin palapa. Ko ƙofar manaja bai taɓa ƙwanƙwasawa ba. Duk abin da ya sani game da neman aiki a bakin samari ya ji shi, waɗanda ke dawowa da yamma su zube a bencinsa, ido jajir, su ci bashi.

Ofis ya samo asali ne daga shekarar da wani kantin kayan wuta ya ƙi ɗaukar Cosain, ɗan gidan Hajji Macabangkit. Kawunnansa suka cika motar haya biyu, irin wadda ake kira jifni, suka je jin ba'asi. Ba faɗa ya kai su ba, tambaya kawai: wane aibu aka gani a jikin jikan wane? Babbansu ya tsaya gaban yarinyar da ke karɓar kuɗi ya jero mata asalin Cosain tun daga kakan kakansa, ita kuwa tana ta lalubar wayar 'yan sanda a ƙarƙashin tebur. Da ƙyar limaminmu ya je ya karɓo su daga hannun 'yan sanda. Daga ranar kantin bai ƙara karɓar takardar ɗan unguwarmu ba.

Bapa ya ce cuta biyu ce. Ta farko ta masu ɗaukar aiki ce: da sun ga suna, sun ga Quiapo, sai aikin da ke nan da safe ya ɓace kafin azahar. Wannan ba shi da maganinta. Ta biyu tamu ce: ba mu iya jin "a'a" mu tashi da ƙafafunmu ba, sai martabar gida ta motsa. Wannan kuwa ya ce ya iya. Ya je gwanjo ya sayo igiyar wuya, irin wadda masu kwat ke ɗaurawa, ja mai ɗigo-ɗigo, ya sa tebur da kujera biyu a ɗakin sama, ya fara hana mutane aiki.

Aikin ke nan, ba ƙari. Ka hau bene ka yi sallama, ba za a amsa ba. Bapa na zaune da igiyar wuya a kan singileti, daga ƙugu zuwa ƙasa kuma zani, tunda tebur ya rufe. Da ya ɗaura igiyar nan ba Bapa ba ne, Manaja ne. Muryarsa ta koma hanci, yana latsa waya yana yi maka tambaya kamar ka zo roƙon gishiri.

Ni na daɗe a hannunsa fiye da kowa, saboda bakina. Na yi karatun aikin kantin magani, takarduna tsaf, amma ko'ina na je sai a kalli ɗankwalina kafin a kalli takardar.

"Norhata me? Kai, sunayenku dai. Wannan abin na kanki, za ki iya cire shi a wurin aiki?"

"Kai za ka iya cire wandonka a wurin aiki?"

"Za mu kira ki. Na gaba!"

Sai in sauko ina huci. Kafin in kai ƙasa ya kwance igiyar ya biyo ni, ya zaunar da ni a benci, ya warware pater mai zafi ya tura mini.

"'Yata, me ya faru? Wannan ɗan banzan ne kuma? Rabu da shi, mutumin da ko sallama bai iya amsawa ba. Ci abinci. Amma ke ma, wando kuma? Gobe in ya tambaye ki, ce masa kin ƙware wajen ɗaura shi yadda ba zai taɓa kaya ba, kuma ba ya hana ki jin mai saye. Ki faɗa kina murmushi, ki bar shi da kunyarsa."

Haka zai yi ta hana ka, yana lallashinka, har ranar da za a ce maka a'a ka ce na gode, ka tashi, ka rufe ƙofa a hankali, hannunka bai yi rawa ba. Ranar sai ya ɗauko takalmin Ofis ya ba ka. Baƙin takalmi ne ƙafa ɗaya tak ga maza duka, zungurere, mai ƙaramar ƙafa ya cusa jarida. Ya taka rabin ofisoshin Manila takalmin nan. Mu mata Babu Rasmia ke ara mana jakar hannunta.

Dokokinsa kowa ya haddace su kamar fatiha. Ka yabi kanka da bakinka, ko da a gida an koya maka yabon kai jahilci ne, domin a can ba kawun da zai yabe ka. In an ce za a kira ka, kada ka jira, ba a taɓa kiran kowa ba tun da aka kafa Manila. Babbar kuma, wadda yake buga tebur in zai faɗa: ka tafi kai kaɗai.

Matsalar ita ce a'a ta wasa ma tana da zafi a wurinmu. Sai unguwa ta sama wa kanta mafita: aka raba mutumin biyu. Bapa mutumin kirki ne, kowa nasa. Manaja kuwa la'ananne, akwai gidajen da har yau ba sa ga maciji da shi. Na ga dattawa uku da idona sun zo bencin Bapa, sun gaisa, sun ci pater, sannan babbansu ya gyara murya.

"Saripada, mun zo ne kan wannan mutumin na sama. Ya ce wa Norodin ɗanmu yana tsayawa kamar an jiƙa kaza. A gaban mutane."

Bapa ya girgiza kai. "Subhanallahi. Haka ya ce? Ku ba ni minti biyu."

Ya hau sama ya rufe ƙofa. Muka ji murya biyu suna sa-in-sa, ɗaya ta hanci ɗaya ta ƙirji, har da faɗuwar kujera. Ya sauko yana share gumi.

"Na yi iya yina. Ya janye maganar kaza, amma ya ce aiki kam babu."

Dattawan suka yi shawara, suka ce tunda ya janye kazar, an wuce wurin. Suka yi wa Bapa godiya da shiga tsakani, suka tafi. Norodin yanzu direban motar asibiti ne.

To, wannan mutumin ne yau ya wayi gari ba rumfa, ga azumi na matsowa. Cosain, wanda yanzu mai gadi ne a wata masana'antar kwali a Valenzuela, ya kawo labarin ana neman mai dafa abinci a ɗakin cin abincin ma'aikatansu. Bapa ya ce zai je. Amma doka doka ce, sai an hana shi tukuna. Ya miƙa wa Cosain igiyar wuya, ya fita, ya yi sallama, ya shigo.

Cosain ya miƙe tsaye zumbur ya amsa sallamar har da wabarakatuhu.

"Zauna, sakarai! Manaja ne kai."

"To, Bapa. Sunanka, Bapa?"

"Saripada Disomimba."

"An ɗauke ka, Bapa."

Bapa ya jefe shi da silifa. Aka gwada Norodin, shi kuma ya tashi ya ba shi kujerar manajan ya tsuguna a ƙasa. Aka gwada ni, mai bakin da kowa ke tsoro. Na ɗaura igiyar kan ɗankwalina, na haɗe rai, na buɗe baki zan ce babu aiki, sai na ga furfurar gemunsa da hannuwan nan da tukunya ta ƙoƙƙone. Na ji kaina ina tambayarsa ko albashin ya yi masa. A sati guda unguwarmu ta ɗauki Bapa aiki ya fi a ƙirga, har wani ya ba shi mataimakin shugaban kamfani.

Babu Rasmia na gefe tana yanka albasa. Ta ajiye wuƙar ta goge hannu.

"Miƙo min igiyar nan. Shekara talatin ina jiran wannan rana."

Wallahi ban taɓa ganin Manaja irin wannan ba. Ta bar shi tsaye sai da ta gama latsa wayar da ko caji babu.

"Shekarunka nawa, tsoho? Kai, ai kai jikoki ya kamata ka riƙa goyo. Musulmi ne? To mu nan muna dafa alade ranar Laraba, ya ke nan?"

"Ranar sai in kama shinkafa da kayan miya, wani ya kama naman, ranki ya daɗe."

"Faɗi abin da ka iya."

Nan Bapa ya tsaya cak. Mutumin da ya tilasta wa ɗaruruwa yabon kansu ya sunkuyar da kai yana wasa da gefen zani. Wanzami dai ba ya son jarfa.

"Mutane... mutane suna cewa abincin ba laifi."

"Mutane na tambaya? Za mu kira ka. Kuma a hanyarka ta fita ka sauke min wankin da ke kan igiya."

Sati biyu tana hana shi aiki safe da yamma, har ƙiba ta yi. A ƙarshe ya iya cewa "na iya dafa wa mutum ɗari biyu ba tare da shinkafa ta kama ba" bai sunkuya ba. Ta jawo takalmin Ofis daga ƙarƙashin tebur ta tura masa da ƙafa. Sai a ranar muka gane takalmin nasa ne tun asali, na ɗaurin aurensu, domin shi kaɗai ya shige shi ba jarida.

Ran tafiya ya tara mu bayan sallar asuba ya ɗaga yatsa. "Ni kaɗai. Kun ji ko?" Muka ce mun ji. Ya hau jifni da ƙullin pater a leda don a ɗanɗana.

Motarsa na shan kwana Hajji Macabangkit ya ce, "Yanzu dattijo kamar Saripada zai je gaban baƙi ba ko mutum ɗaya a bayansa? Su ce ba shi da kowa? Ina martabarmu?" Wani ya ce ai dokar ta yara ce. Wata ta ce ba shiga za mu yi ba, daga nesa kawai. Ni da na fi kowa sanin dokar nan, ni na tsayar da jifni ta farko. Kowa ya kira wani, wani ya kira wani. Masu aikin dare suka taho daga wurin aiki ko wanka babu, masu na safe suka ce ba su da lafiya. Kafin hantsi mun cika bakin ƙofar masana'antar: masu gadi da kakinsu, ma'aikatan jinya cikin farare, direbobi, masu gyaran firji da akwatunansu, tsofaffi da huluna da carbi. Don kada mu dame shi, muka yi tsit. Ba mu san mutum sama da ɗari su tsaya shiru suna kallon ƙofa ɗaya ya fi hayaniya ban tsoro ba.

Abin da ya faru a ciki Cosain ne ya ba mu, don yana tsaye bakin ofishin. Wata matashiya ce mai ɗaukar ma'aikatan, mai fara'a. Ta kalli sunan ta ɗan yi jim, ta kalli shekarun ta ƙara yin jim, amma Bapa ya amsa komai yadda Babu Rasmia ta horar da shi. Ya yabi kansa bai mutu ba. Ta ci pater, yaji ya sa ta hawaye, ta ƙara loma. Har ta fara tambayarsa ko zai iya farawa ranar Litinin, sai shugaban masu gadi ya shigo ya raɗa mata magana. Ta tashi ta ɗaga labule.

"Malam Disomimba, waɗancan mutanen... tare kuke?"

Bapa ya leƙa. Hajji Macabangkit ya hango shi ya ɗaga masa sanda, mu duka muka ɗaga hannu.

Bapa ya juyo. Da ya ce bai san mu ba, wa zai ƙaryata shi?

"Nawa ne," ya ce. "'Ya'yana ne."

"Duka?"

"Duka."

Ta zauna, ta jera takardunsa, ta daidaita gefensu da kyau. Ba ta ƙara kallon idonsa ba.

"Za mu kira ka."

Ya ce ya gode. Ya tashi, ya mayar da kujera wurinta, ya rufe ƙofa a hankali. Cosain ya rantse hannunsa bai yi rawa ba.

Da ya fito muka ga fuskarsa, sai wuri ya ɗauki guna-guni. Hajji ya fara naɗe hannun riga yana cewa a bar shi ya shiga ya gaya mata ko jikan wane ne wannan. Bapa ya tsaya a tsakiyar ƙofar ya buɗe hannuwa.

"Duk wanda ya taka nan, ni da shi har lahira. Cosain a nan yake cin abinci. Ku juya."

Muka juya kamar an watsa mana ruwa. Ya bi mu har bakin babban titi. Ya zauna a kan dakalin kwata ya cire takalmin ya ajiye a gefe. Bai yi mana faɗa ba, da ma ya yi. Kunya ta hana kowa matsawa. Mu muka jawo masa, kowa ya sani, kuma son da muke masa ne ya jawo. Ban taɓa jin baƙin ciki mai haɗe da jin wauta irin na ranar ba.

Can ya ɗago ya kalle ni.

"Norhata, ashe haka abin yake? Ina zaune ina jira. Wallahi har na kai ƙofa ina jiran ta kwance igiyar ta biyo ni." Ya yi 'yar dariya. "Ashe na gasken ba ya biyo mutum. Shekara da shekaru ina tura ku nan, ku fito ku hau mota ku kaɗai da wannan abin a ƙirji."

Ledar na hannunsa, saura ƙulli ɗaya. Na karɓa na zauna kusa da shi a bakin kwatar, da farin kayan aikina, na warware ganyen na tura masa.

"Bapa, me ya faru? Wannan 'yar banzar ce? Rabu da ita, yarinyar da ko yaji ba ta iya ci ba. Ci abinci."

Ya kalli shinkafar, ya kalle ni. Sai ya sa hannu. Yana ci hawaye na bin gemunsa, jama'a kuma suka matso aka shiga tsine wa manajoji, na Valenzuela da na Makati da wanda ke saman bene a Quiapo, har shi ma ya sa baki ya ce wancan ai ya fi su duka rashin mutunci.

Kwana da kwanaki bayan nan wayarsa na cikin zaninsa, ko alwala zai yi sai ya ɗora ta inda zai gani. Shi da ya koya mana ba a kira. Ba wanda ya tuna masa. In ta yi ƙara ya zabura, sai ya ga Potre ce tana tambayar ko ta sayi tikiti.

Ya ci gaba da fita, kuma wannan karon Babu Rasmia ke zama a bakin layi da muciya, ba mai bin sa. Aka hana shi a gidan burodi, aka hana shi a wata makaranta, aka hana shi a inda ma ba su tsaya ɗanɗana abincin ba. Ana saura 'yan kwanaki a ga wata, wani ɗan kwangilar gini da rabin leburorinsa mutanenmu ne na kudu, yana neman wanda zai dafa musu abin da za su yarda su ci, ya ɗauke shi nan take, bai ma tambaye shi ya yabi kansa ba. Bapa ya ji haushin wannan, bayan duk wahalar da ya sha. Potre ta yi fushi na sati ɗaya, sannan ta aiko da palapa.

Ofis na nan, ranar Asabar da Lahadi. Amma Bapa bai ƙara iya zama Manaja ba. Ya gwada sau ɗaya, ya ɗaura igiyar, wata yarinya ta shigo da takardunta a ƙirji, ya buɗe baki zai ce za mu kira ki, muryar hancin ta ƙi fitowa. Ya kwance igiyar ya miƙa wa Babu Rasmia, ita kuwa ko tayin ƙi ba ta yi ba. Yanzu ita ke hana mutane aiki, kuma an ce wanda ya tsira daga hannunta ba manajan da zai ƙara ba shi tsoro a ƙasar nan.

Shi kuma ya sa 'yar kujera a ƙasan bene, da tukunya a gefensa. Ranar da ɗayanmu zai je neman aiki na gaske, dokar na nan, shi kaɗai zai tafi. Sai dai in ya sauko daga jifni da yamma, kafin ya kai gida, zai tarar da Bapa a tashar yana tsaye da leda a hannu, yana leƙa fuskar duk wanda ya sauko.